Maigida ya kafe sai mun bar Jamus mun koma Amurka, ni kuma ga ciki

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni nas ce, ina aiki a wani asibiti a yammacin Jamus, yanzu shekarata huɗu da 'yan watanni. Ni na fara zuwa, daga baya maigida da yaranmu biyu suka biyo ni, yanzu haka ma ina da ciki wata biyar. Maigida lantarki ya karanta a gida amma tunda ya zo aikin sito yake yi, ɗaukar kwalaye da dare, Jamusancin ya ƙi zama masa a baki. Yayansa yana Houston a jihar Texas ta Amurka, kullum in suka yi waya sai ya ce muna ɓata lokacinmu, wai nas a can tana ɗaukar ninkin albashina, haraji kaɗan, ga babban gida ga mota, har ya turo mana lambar wani ejan mai kai ma'aikatan jinya. Yanzu maigida ya kafe sai mun tafi, Hajiyarsu ma ta kira ni ta ce mace bata ja da mijinta. Ni kuma wallahi tsoro nake ji, anan in yaro ba lafiya kati kawai nake miƙawa a duba shi, ga hutun haihuwa yana jirana. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai dama ni ƙasar ta karɓa shiyasa ban damu da halin da yake ciki ba. Maganar nan ta tsaya min a rai, ko barci bana yi sosai. Anti tsakani da Allah ina aka fi jin daɗin rayuwa, Amurka ko Turai? Kuma son kai nake yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raba lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe tunda ita ce ke hana ki barci: a'a, ba son kai kike yi ba. Mace mai ciki wata biyar da yara biyu a gabanta, in ta tsaya tana tambayar wa zai biya asibiti kuma wa zai riƙe jariri, aikin uwa take yi. Amma ki daure ki ji wannan ma, maganar da maigida ya faɗa miki duk da ta yi zafi akwai gaskiya a cikinta. Jamus ta karɓe ki, shi bata karɓe shi ba tukuna. Ke kina shiga asibiti da kakinki, ana kiranki da sunan aikinki, kina jin abin da ake faɗa. Shi kuma mutumin da ya yi shekaru yana karatun lantarki, yanzu da asuba yake dawowa da ciwon baya, wasiƙa ta zo daga makarantar yara sai ya jira ki dawo ki karanta masa, ko babban yaron ya fassara masa. Namiji Bahaushe da ya saba shi ke riƙe gida, wannan abu yana cinsa a rai fiye da yadda zai iya furtawa, kuma inaga Houston ɗin da yake ta ambata, rabin abin da yake nufi da ita shi ne wurin da zai buɗe baki a fahimce shi ya koma mutum mai sana'a. In kika amsa masa da lissafin inshora kawai, zai ji kamar baki ji kukansa ba.

Toh yanzu tambayar ina aka fi jin daɗi. Yaya bai yi ƙarya ba akan albashi. A ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta 2024, matsakaicin albashin cikakkiyar nas ya kai wajen dala 93,000 a shekara, kuma jihar Texas bata karɓar harajin albashi nata na jiha, na tarayya kawai ake cira da kuɗin fansho. Ke kuwa kin san yadda takardar albashinki take, layi bayan layi ana yanka, haraji, inshorar lafiya, fansho, inshorar rashin aiki, ta kula da tsofaffi, kafin a zo ƙasa kuɗin ya rame. Wanda yake da lafiya, yake da ƙarfin yin ƙarin awanni, kuma burinsa ya tara kuɗi ya gina gida a Najeriya cikin 'yan shekaru, gaskiya Amurka ta fi ba shi fili. Ga Turanci, ga Houston cike da 'yan Najeriya da masallatai da shagunan naman halal, ga zafi irin na gida ba wannan hunturun da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba. Duk wannan riba ce ta gaske, kar ki raina ta a gabansa.

Abin da Yaya bai faɗa ba, wataƙila ma dan ya saba ne har ya daina gani, shi ne abubuwan da waɗancan layukan na takardar albashinki suke saya miki, a can daga aljihunki zaki saye su ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki haihuwar nan da ke gabanki. A Jamus doka ta ba ki sati 6 kafin haihuwa da sati 8 bayanta, kuɗinki na shigowa cif. Bayan nan ga kuɗin renon jariri da gwamnati ke biya, wajen kashi 65 cikin ɗari na abin da kike karɓa a hannu, iyakarsa yuro 1,800 a wata, har wata 12, in maigida ya ɗauki nasa rabon a kai 14, kuma kina da damar zama gida har shekara uku wurin aikinki yana jiranki. Ga kuɗin tallafin yara da ake kira Kindergeld, sama da yuro 250 kowane wata akan kowane yaro, yara uku kenan kinga ya haura 750. A Amurka dokar tarayya ta 1993 sati 12 kawai ta bayar, kuma ba biya, kuma sai kin yi shekara guda a wurin aikin kin cika awa 1,250, sannan wurin yana da ma'aikata 50 ko fiye. Wasu jihohi kamar Kalifoniya da New York sun yi nasu tsarin na hutun haihuwa da biya, Texas bata cikinsu. Shiyasa zaki ga mace ta haihu ko arba'in bata gama hutawa ba ta koma aiki, ta kai jariri gidan reno, kuma gidan renon jariri a manyan biranen can dala dubu a wata ba abin mamaki bane, sau da yawa ma ya wuce haka.

Sai maganar asibiti, wadda ke da kike cikinta kin fi ni sanin nauyinta. A Jamus inshorarki ta gwamnati ta rufe yara ba tare da ƙarin ko sisi ba, in kin kwanta ciwo wurin aiki zai biya ki cikakken albashi har sati 6, daga nan inshora ta karɓa. A Amurka yawancin mutane ta wurin aiki suke samun inshora, a 2024 ta iyali guda ta kai wajen dala 25,000 a shekara, ma'aikaci na biyan sama da 6,000 daga ciki, sauran kamfani ya biya. Kuma biyan wannan bai gama ba, akwai wani kaso da sai kin fara kashewa daga aljihunki kowace shekara kafin inshorar ta fara ɗauka, dala dubu ɗaya, dubu biyu, wani tsarin ma fiye. Mace mai inshora ma haihuwa kan ci mata kusan dala 3,000 nata na kanta. Abin da ya fi damuna a lamarinku shi ne inshorar a jikin aikin take, aikin kuma naki ne, ranar da aikin ya tafi lafiyar mutum biyar ta shiga lalube, kuma a kusan duk jihohin can ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da dogon bayani ba. Dokar tarayyar Amurka bata tilasta wa kowa ba da hutun shekara mai biya ko na kwana ɗaya ba, kamfani ne ke bayarwa yadda ya ga dama, alhali a Tarayyar Turai sati huɗu ne mafi ƙaranci, ke ma a asibiti nasan kina samun kusan kwana 30. In aka haɗa shekara, ma'aikacin Amurka na yin wajen awa 1,800, na Jamus bai kai 1,400 ba. Tsawon rai ma Jamus na wajen shekara 81, Amurka kuwa a 2023 shekara 78 da 'yan kai, kuma baƙar mace a Amurka haɗarin rasa ranta wajen haihuwa ya kusan ninka na farar mace sau uku, wannan alƙaluman hukumar lafiyarsu ne da kansu. Ban kawo wannan dan in tsorata ki ba, akwai asibitoci a Houston da duniya ke zuwa neman magani, amma ke baƙar mace ce mai haihuwa, dole a saka shi cikin ma'auni.

Ga mota, a Houston in babu mota biyu gidan ma'aikata biyu baya tafiya, kowace da inshorarta da manta, ke kuma yanzu tikitin wata guda ke kai ki ko'ina a jirgin ƙasa na kusa da bas. Ga jami'a nan gaba, a Jamus yawancin na gwamnati 'yan ɗaruruwan yuro ake biya a zango, a can iyaye tun yaro na goye suke fara tari ko ya fito da bashi. Ga bindiga, sama da mutum 40,000 take kashewa a shekara, fiye da rabi masu kashe kansu ne, amma dai yaranki za su riƙa yin atisayen ɓuya a aji. Ita ma Jamus ba aljanna bace kin sani, jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da sama da kashi 20 cikin ɗari, mai hijabi na shan kallo, neman gidan haya da suna irin namu wahala ne, ga kaɗaici, ga takardu da basa ƙarewa.

Dan haka amsata kai tsaye ita ce, ga iyali mai ƙananan yara da jariri a hanya, wanda albashin mutum ɗaya ne ginshiƙinsa, Jamus ta fi muku kwanciyar hankali a yanzu. Ga mutum mai ƙarfi da ke son ya yi sama da sauri, Amurka ta fi buɗe ƙofa. Gidanku akwai mutum biyun duka, shiyasa kuke ja.

Amma akwai abin da ya fi duk wannan lissafin muhimmanci kuma ban ga kin ambace shi ba, shekararki huɗu da watanni. Tun 27 ga Yunin 2024 dokar zama ɗan ƙasa a Jamus ta koma shekara 5 maimakon 8, kuma ba sai kin ajiye fasfonki na Najeriya ba. Ana neman Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin iya harshen, wanda ke kin wuce shi tunda kina aikin jinya, da jarrabawar tambaya 33 da ake son ki ci 17, da shaidar kuna riƙe kanku, kuɗin kuma yuro 255 ne ga babba, 51 ga yaron da aka haɗa da iyayensa. Yara da miji ana iya haɗa su a takardarki ko basu cika shekara biyar ɗin ba, sai dai shi ma maigida za a nemi B1 ɗinsa. Fanshon Jamus ma sai an yi shekara biyar ana zubawa ake samun haƙƙi a cikinsa. Sannan takardar zama, a ƙa'ida in mutum ya fita ƙasar ya wuce wata shida mutuwa take yi. Kinga kenan in kuka tattara yanzu, saura 'yan watanni ki kai, kun zubar da shekara huɗu, kuma in can bata yi ba babu hanyar dawowa sai an sake sabon layi. In kuwa kuka jira fasfo ya fito, ko shekara goma kuka yi a Texas ƙofar Jamus da sauran ƙasashen Tarayyar Turai a buɗe take gare ku da 'ya'yanku. Hausawa suka ce kar a yi sakin na hannu a kama na guje, kuma anan ba ma cewa ake kar a bi na gujen ba, a fara ɗaure na hannun tukuna.

Ita kanta tafiyar ba kamar yadda ake faɗa a waya take ba. Yaya in ɗan ƙasa ne yana iya nema wa ƙaninsa takardar zama, amma layin 'yan'uwa yana cin sama da shekara goma sha biyar. Hanyar da ta rage ita ce taki, ki ci jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin nas a Amurka, a tantance takardunki, wani asibiti ko ejan ya nema miki girin kad, wato takardar zama ta dindindin, shi ma akwai layi. Kuma dokokin shiga sun ƙara tsauri ga masu fasfon Najeriya, a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta wata uku shiga ɗaya, a Disamban 2025 kuma gwamnatin Trump ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza har da ta zama. Dan haka ko yau kika ce kin amince, ba bana za ku tafi ba, kuna faɗa ne akan abin da ko ƙofarsa bata buɗe ba. Ejan ɗin nan kuma dan Allah kar ki tura masa ko kwabo, kar ki sa hannu a komai. Irin kwantiraginsu yakan ɗaure nas shekara biyu ko uku, su za su zaɓa miki garin da za ki yi aiki, ba lallai Houston ba, albashin farko yakan gaza wanda Yaya ke faɗa, in kika fasa a tsakiya kuma a bi ki tarar dubban daloli. Ki ce ya turo komai a rubuce, nawa ne a awa, wane gari, inshorar iyali nawa za a cira, tarar fasawa nawa, sannan lauyan shige da fice na can wanda ku kuka biya shi ya karanta muku.

Yanzu yadda za ki tunkari maigida. Kar ki yi maganar in ya dawo daga aikin dare, kuma kar ki yi ta bayan ya gama waya da Yaya. Ki samu ranar hutunsa, ya ci ya huta, ki fara da nasa ciwon kafin naki tsoron. Ki ce masa Abban yara na ga irin wahalar da kake sha, kuma ban yarda ka ƙare a sito ba, ni ma bana so. Wannan jimlar kaɗai za ta sauke rabin faɗan. Sannan ki ce ba ƙin Amurka kike ba, kina so ne ku shige ta da fasfo biyu a hannu, ki kawo masa tsari mai lokaci dan kar ya ji kamar ana lallaɓa shi ne a wuce wurin: ki haihu anan ki ci hutunki, da kin cika shekara biyar ku shigar da takardar zama 'yan ƙasa, ki tambayi ofishin garinku tun yanzu dan wasu garuruwan jiran ya kan haura shekara, ke kuma cikin hutun renon in jiki ya yarda ki fara karatun NCLEX a hankali. Karatun nan shi ne shaidar da zai gani cewa da gaske kike, kuma ko ba a tafi ba baki yi asara ba.

Shi kuma nasa ɓangaren, aikin daren nan shi ne babban abin da ke hana shi Jamusanci, ba wanda zai kwana ɗaukar kaya ya wayi gari ya koyi sabon harshe. Ku zauna ku duba ko gidan zai iya jure ya rage awanni ko ya koma na rana na wasu watanni ya shiga aji sosai, amma ku fara tambayar ofishin baƙi dan kar raguwar kuɗin shiga ta taɓa takardunku. Tun 2012 Jamus ke da dokar tantance takardun sana'a na ƙasashen waje, akwai ofisoshin ba da shawara kyauta akan haka, kuma ofishin samar da aiki na iya biya wa mutum kuɗin koyon sana'a ko ƙarin horo. Masu aikin lantarki kuwa nemansu ake ido rufe a ƙasar, ga aikin sola ga na gine-gine. Mutumin da ya karanci lantarki yana ɗaukar kwali a ƙasar da ke kukan rashin masu lantarki, abin da ke tsakaninsa da aikin harshe ne da takarda ɗaya. Ku ba abin wata 18 zuwa shekara biyu. In ya samu B1 ya shiga sana'arsa, wataƙila shi da kansa zai daina zancen tafiya. In kuma ya yi iya yinsa ƙasar ta ƙi shi, toh 'yar'uwa lokacin ke ce za ki sassauto, dan ba adalci bane a ce mutum ya ƙare rayuwarsa a inda yake jin shi ba kowa bane saboda ke kin samu wuri. A lokacin, da fasfon Jamus a hannu, zai iya zuwa Houston ziyara har kwana 90 ba tare da biza ba, izinin intanet kawai zai cika, ba aiki zai yi ba amma zai zauna gidan Yaya ya ga ƙarfe nawa yake fita ƙarfe nawa yake dawowa. Kuma akwai hanya ta uku da ba wanda ya kawo a gidanku, Ayalan, ƙasar Tarayyar Turai ce mai Turanci, da fasfon Jamus ba ku buƙatar biza, suna ɗaukar ma'aikatan jinya, illa dai gidan haya a Dublin akwai tsada da wuyar samu.

Ki kuma kira matar Yaya, ku yi hira ta mata, ba a gaban mazan ba. Ki tambaye ta sati nawa ta yi a gida bayan haihuwarta ta ƙarshe, wa ya riƙe mata jaririn, nawa suka biya, nawa ake cire musu na inshora, yaushe rabon da su zo gida hutu na wata guda. Kar ki yi tambayar da sigar neman laifi, ki yi ta a matsayin mai shirin zuwa. Abin da za ta faɗa miki zai fi duk alƙaluman da na jero amfani, kuma mai yiwuwa ta faɗi alherin da ni ban kawo ba.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita ko kaɗan, uwa ce, ɗanta take ji yana kuka a waya. Ki ce mata Hajiya ba ƙi na yi ba, so muke in sauka lafiya mu karɓi takardar ƙasa dan jikokinki, sannan mu duba tafiyar, ki sa mana albarka. Amma ya fi kyau bayan kun daidaita da maigida shi ya faɗa mata da bakinsa, dan in daga gare shi ta ji, maganar mace na ja da miji ta mutu. Ku yi istihara ku biyun, kowa ya yi da zuciyar da ta yarda amsar na iya saɓa wa abin da yake so.

Rashin barcin nan kuma kar ki bar shi, ki faɗa wa likitarki ko ungozoma a awo na gaba, kin fi kowa sanin abin da damuwa ke yi wa hawan jinin mai ciki. In ejan ya turo takardar a rubuce, ki sake rubuto min da abin da ke ciki mu duba tare.